Muƙamuƙin Tunkiya a Wuyan Dado

A makarantarmu ta bayan garin Nikki akwai wani abu da ake kira sambol. Muƙamuƙin tunkiya ne da haƙoransa, aka huda shi aka zura igiya. Igiyar ta sha zufar wuyan yara har ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo, ƙashin kuwa tun ranar da mahauci ya yar da shi bai ga ruwa ba. Duk yaron da aka ji ya yi Batonu, yaren da aka yi masa raino da shi, sai a rataya masa. Shi kuma ba ya da mafita sai ya kasa kunne ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi makaranta abin na wuyansa, washegari zai sha bulala a gaban tuta, sannan ya wanke masai. Wai ta haka Faransanci zai zauna a bakin yara. Tir! Ana ta cewa an hana abin nan tun tuni daga sama, to hanin dai bai iso ƙauyenmu ba.

Ni Buyon Kora aji ɗaya nake koyarwa, kuma a da abin nan bai taɓa taka ajina ba. 'Yan aji ɗaya ko sunansu ba su iya faɗa da Faransanci ba, don haka aka bar su. Daga aji biyu ake fara farautar juna. Da wannan ɗan sassauci na samu na yi abin da na yi wa Dado.

Ubanta Yaru, manomin doya ne, shi ya kawo ta ran da aka buɗe makaranta. Ya riƙo hannunta kamar wanda ya kawo akuya kasuwa ya san ba mai saya.

"Malama, ga ta nan. Ba don karatu na kawo ta ba. Bebiya ce. Kakarta ta tsufa, uwarta na gona, ki dai bar ta ta zauna a inuwa."

"Inuwar ce ta ƙare a gidanku, Baban Dado?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. Na tambaye shi ko tana ji, ya ce tana ji sarai, an ma duba kunnen a asibiti. Na ce ko ta taɓa magana. Ya ce can baya takan yi, amma maganar na fitowa a karye, yaran gida su yi ta kwaikwayonta, sai ta bari. Yanzu sai in ita da kakarta ne takan ce wani abu, shi ma a kunne. Na dubi yarinyar. Ta kai shekara bakwai, idanunta tar a kaina, duk abin da muke faɗa tana bi. Wannan ce bebiya? Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na ce ya tafi gonarsa.

A hutun da ya wuce an tura mu garin Faraku wani taron ƙara wa juna sani, inda wata mata mai aiki da yara masu nauyin baki ta koya mana 'yan dabaru. Yawancin malaman barci suka yi, suna jiran a raba abinci. Ni abu uku na riƙe: ki fara da yaren da yaro ke ji a gida, ki gajarta magana, ki jira. Jiran nan shi ne mai wuya, ga mutum irina da ba ta da haƙuri ko na tafasar ruwa.

Na yayyanka kwalin madara na zana hotuna: kofi, kwano, masai, yarinya dafe da ciki, hannu a ɗage na a'a. Zanena ba kyau, kofin ma sai da yara suka yi gardama ko ganga ce, amma Dado ta gane. Na zaunar da ita a bencin gaba inda za ta ga bakina. In tana son abu ta nuna hoto, ni kuma in durƙusa daidai tsayinta, in faɗi sunan abin da Batonu sau ɗaya, in yi shiru. In ba ta ce komai ba in ba ta abin, ba ciniki. Na kawo ɗan madubina na kwalliya muna kallon yadda leɓe ke haɗuwa, yadda harshe ke taɓa haƙori. In muna waƙa sai in bar kalmar ƙarshe a buɗe in kalle ta. Ajin nan yara sun kusa ɗari, ga ihu, ga kuka, ga mai fitsari a wando, amma kullum sai na saci lokacin Dado.

Zangon farko ya ƙare ba ta ce uffan ba. A zango na biyu, wata rana da zafi ya tsananta, ta nuna hoton kofi. Na ɗebo ruwa a randa, na durƙusa, na ce, "Nim." Ruwa ke nan da yarenmu. Na jira. Na ga wuyanta na motsi, leɓenta na rawa, ta matse gefen kakinta na makaranta da hannu biyu.

"Im," ta ce.

Matar Faraku ta gargaɗe mu kada mu yi guɗa ko tafi, don kada yaro ya firgita. Na miƙa mata kofin kamar ba a yi komai ba, na ce, "E, nim." Sannan na fita bayan aji na yi kukana na share ido da ɗankwali.

Daga nan na haɗa ta da Beru. Beru 'yar wajen mai ɗinki ce, yarinya mai surutu kamar an kunna rediyo an manta, amma tana da kirki. Na koya mata duk abin da nake yi: ta durƙusa, ta nuna abu, ta faɗi sunansa sau ɗaya, ta rufe baki.

"Malama, in na jira ba ta ce ba fa?"

"Ki ƙara jira."

"Maganar na yi mini ƙaiƙayi a wuya."

"Haɗiye ta, uwar surutu, ba za ta kashe ki ba."

Ta iya kuwa, har ta fi ni. Dado ta sake da ita fiye da kowa. Kafin mangwaro ya nuna, Dado na cewa ruwa, abinci, zo, a'a, nawa ne, ciwo, kaka. Ta iya cewa Beru, ko da yake "Eru" yake fitowa. Wata rana wani yaro ya fizge mata alli, ta daka masa "A'a!" har ajin ya yi tsit. Wallahi ranar ji na yi kamar an ƙara mini girma a wurin aiki. Niyyata in kalmomin suka zauna daram da Batonu, sai in fara jingina musu na Faransanci ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai shugaban makarantarmu, Darakta Gunu, ya dawo daga taro a Nikki fuska a murtuke. An karanta sakamakon jarrabawa a gaban jama'a, makarantarmu na can ƙasa. Darakta Gunu mutum ne mai sa kwat da tsakar zafi, ko akuyarsa zai kora da Faransanci yake korarta. Amma je ka same shi kasuwa yana cinikin doya, Batonu zalla, har da zagi. Ya tara mu malamai gindin mangwaro ya ce ya gano ciwon: yare ne ke lalata yara tun daga tushe. Daga yau sambol zai hau kan kowa, har 'yan aji ɗaya, a aji da filin makaranta, daga bugun ƙarfen safe zuwa na tashi.

Na bi shi ofis.

"Ranka ya daɗe, maganar Dado 'yar Yaru ce. A cire ta daga wannan doka."

"Wace ce haka?"

"Yarinyar da ke da nauyin baki a ajina."

"Au, bebiyar? To, me zai haɗa bebiya da sambol? Ai ita ta huta."

"Ba bebiya ba ce. Ta fara magana."

"Da wane harshe?"

"Da wanda take da shi."

Ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen kwat. "Malama Buyon, wato kin ɓata watanni kina koya wa yarinya yare a cikin ajin gwamnati? Yaren da ake samu kyauta a bakin rijiya?"

"Ita ba ta same shi kyauta ba, ranka ya daɗe. Kowace kalma da gumi ta fito. Ka ba ni shekarar nan kawai. Ka tsaya gaban tuta ka ce ban da Dado, shi ke nan abin da nake roƙo."

"Yau in ce ban da Dado, gobe mai in'ina ya zo, jibi mai tsamin baki, gata kowane malalaci ya ce harshensa ya yi nauyi. Doka ɗaya ce. Mu da kike gani, an rataya mana, ga mu nan mun zama mutane."

Na dube shi daga hula har takalmi, na ja tsaki a cikina, na fita. A ajina dai na ce duk wanda ya shigo mini da ƙashin nan sai na karya shi a kansa. Amma filin makaranta ba nawa ba ne.

A bakin ƙofa akwai Inna Ganigi mai sayar wa yara shinkafa da wake da soyayyen cuku. Na tsaya wajenta ina huci, na ba ta labari, ina zaton za ta taya ni jin haushi.

"Ke 'yar nan, kin cika ɗaukar zafi," in ji ta, tana juya cuku a mai. "Ɗana Tori sai da ƙashin nan ya yi masa kanta a wuya. Yanzu ina yake? Kotonu, cikin kaki, ana sara masa."

"Inna, ƙashin ne ya ba shi kakin?"

"To ke ce kika ba shi? Karɓi cuku ki huce, kin tsaya mini a kan ciniki."

Ba a daɗe ba abin ya faru. Da hantsi aka buga ƙarfen hutu, yara suka fita. Wani ƙaton ɗan aji biyar ya taka wa Beru ƙafa da gangan, ta zage shi da Batonu, ya cire ƙashin daga wuyansa ya zura mata. Beru ba a taɓa dukanta ba, ko a gida. Ta san masan makarantarmu kuma, wanda tsutsa ke hawa bangonsa, manya ma sai sun toshe hanci. Daga baya yara suka ba ni labarin yadda ta yi ta zagaya fili tana tsokanar wannan, tana tambayar wancan, kowa ya ga abin da ke wuyanta sai ya datse baki ya gudu. Lokaci na tafiya. Sai ta je wajen Inna Ganigi ta sayi cuku guda.

Ina tsaye a ƙofar aji ina shan ruwa na hango su gindin kaɗanya. Beru ta juya ƙashin ya koma bayanta. Ta durƙusa daidai tsayin Dado. Ta ɗaga cukun, ba ta ce komai ba, ta jira. Yadda na koya mata, sunan abin ne kawai ba ta faɗa ba. Har murmushi na yi, ina cewa a raina yarinyar nan malama ce tun yanzu. Na ga bakin Dado ya motsa. Na ga ta yi dariya ta miƙa hannu. Sai Beru ta miƙe zumbur, ta zare igiyar ta kanta, ta jefa a wuyan Dado, ta ruga tana ihu da karyayyen Faransanci, "Ta yi yare! Ta yi yare!"

Kafin in isa yara sun yi musu zobe suna tafi suna waƙar da ake yi wa mai sambol. Dado na tsaye ƙiƙam, hannunta na nan a miƙe yadda ta miƙa shi don cuku. Haƙoran tunkiyar na kan ƙirjinta, ƙuda na bin igiyar yana sauka a leɓenta, ba ta ko kore shi ba. Fitsari na bin ƙafarta yana taruwa a takalmin roba. Warin ƙashin da zafin rana ya daki hancina. Na watsa yaran da tsawa, na fizge igiyar, maiƙonta ya manne mini a tafin hannu. Ban yi shawara da kowa ba, na nufi masai kai tsaye, na saki abin a rami, na ji faɗuwarsa.

Darakta Gunu ya fito da gudu, kwat na tashi.

"Malama Buyon! Kayan makaranta kika jefa a masai?"

"Gida na mai da shi, ranka ya daɗe."

"A gaban yara kike gaya mini haka?"

"A gaban yara aka rataya mata. Dube ta! Dubi abin da dokarka ta yi!"

Ya dubi Dado, ya ga fitsarin, ya yamutsa fuska ya ja da baya don kada ya taɓa masa takalmi. "A kai ta a wanke," ya ce. "Ke kuma za ki ji daga sama."

Ban ji komai daga sama ba, don ya san in magana ta kai can shi ma sai ya yi bayani. Abin da ya yi shi ne, washegari da sassafe ya aika wajen mahauci aka kawo sabon muƙamuƙi. Ɗanye, da sauran nama a maƙale tsakanin haƙora. Ya sa aka shanya shi a kan rufin kwano yini guda, ya ce ya bushe. Bushewar lafiya! Sati bai zagayo ba abin ya fara tsutsa. Yaron da ke ɗauke da shi tun daga nesa za ka san yana tafe. Akwai wanda ya yi amai a kan allonsa. Malaman da ke cin shinkafa gindin mangwaro sai su ce wa yaro ya matsa can, su ci gaba da cin abincinsu.

Na wanke Dado a bayan aji ranar da abin ya faru, na ɗaura mata gyalena. Na durƙusa na ce, "Ba ki yi laifi ba." Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Na ɗauko hotunan, ta ture su da bayan hannu suka zube.

Beru ta zo bayan an tashi, ido ya kumbura. "Malama, masan nake tsoro. Kowa ya ƙi magana. Ita kaɗai ce za ta amsa mini."

"Na sani."

"Na kawo mata cukun. Ta ƙi karɓa."

"Tafi gida, Beru."

Ban dake ta ba, ban zage ta ba. Me zan ce wa 'yar shekara bakwai da manya suka koya wa cin amana suka kira shi karatu? Amma na ɗauki kwanaki ban iya kallon fuskarta ba, kuma na raba musu benci, don Dado in ta gan ta sai ta shige ƙarƙashin tebur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Duk makarantar ta gane cewa akwai wurin sauke kaya mai sauƙi. Duk wanda ƙashin ya hau wuyansa sai ya nemi Dado. Wannan ya zo da mangwaro, wancan da alewa, su durƙusa gabanta suna lanƙwasa murya, "Dado, mene ne wannan?" Har da masu zana kofi a allo su nuna mata. Aikina ke nan suke yi mata tarko da shi. Na riƙa tsare ta a aji lokacin hutu, amma ba ni da ido goma. Rannan na je ofis ɗauko alli, wani ɗan aji huɗu ya leƙo ta taga ya mintsine ta a cinya, ta ƙwala kiran kakarta, ya jefa mata igiyar ya gudu. Na dawo na tarar da ita da tsutsa na tafiya a wuyan rigarta. Na cire, na yi jifa da shi har tsakiyar fili, Darakta ya sa aka ɗauko aka kaɗe ƙura. Bayan wannan ko an mintsine ta sai ta cije leɓe. Na taɓa ganin shatin farce a hannunta har da jini, ba wanda ya ji ƙararta.

Na je gidansu. Na tarar da Yaru yana gyaran rumbun doya, na zayyana masa komai, na ce ya zo mu je wajen Darakta tare, ko ya tara iyaye, shi uba ne, maganarsa ta fi tawa nauyi.

"Malama, mu da ba mu yi boko ba, mu za mu koya wa Darakta aikinsa?"

"'Yarka ce fa, Baban Dado."

"Ai shi ya sa. In an rataya mata abin da ake rataya wa sauran yara, ashe an ɗauke ta mutum ke nan. Da ai ko kallonta ba a yi."

Kakar na zaune bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Uwar ta kawo mini sakwara da miyar kuɓewa, na ce na ƙoshi. Wallahi da na ci da ta dawo.

Zango na uku gaba ɗaya na yi ta fama. Na sake sababbin hotuna, na kawo madubi, na rufe ƙofa da taga na ce mata nan ba mai ji. Na yi waƙa na bar kalmar ƙarshe, ta wuce a banza. Na gwada Faransanci ma, ko za ta ɗauka shi ba ya jawo ƙashi. Ina! Ita abin da ta koya shi ne duk wanda ya durƙusa gabanta ya jira, mugunta yake shiryawa. In na durƙusa sai ta sa hannu biyu ta kare wuyanta. Ƙishirwa za ta kama ta, leɓe ya bushe, ba za ta nuna ko hoton ba. Sai dai in ajiye kofi kusa da ita in juya baya, in na waiwayo in tarar ta shanye.

Ranar bikin rufe makaranta aka kafa rumfa, aka ɗauko kujeru daga gidan mai gari, aka yi hayar lasifika mai ƙara kamar ana yanka akuya. Iyaye suka cika fili, mata sun sha anko, makaɗa na gefe. Aka ba na ɗaya da na biyu na kowane aji kyauta. Ina zaune cikin malamai ina fifita da kwali, ina Allah Allah a gama. Sai Darakta Gunu ya gyara kwat ya ce bana ya ƙirƙiro sabuwar kyauta, don jama'a su ga amfanin tsarin da ya kawo. Kyautar ɗalibin da ya fi kowa kiyaye harshensa. Ya ce ya tambayi shugabannin aji duka, an tace an rairaye, a zangon nan kaf mutum ɗaya ne ba a ji kalmar yare ko ɗaya daga bakinsa ba. Ya faɗa da Faransanci, wani malami ya fassara wa iyaye da Batonu.

"Kuma abin alfahari, 'yar aji ɗaya ce! Yarinyar da a baya ta sha sambol har sau biyu, ta ɗauki darasi, ta gyara. Dado Yaru!"

Fili ya ɗauki tafi. Makaɗa suka saki ganga, mata suka rangaɗa guɗa. Na dubi malamin da ke kusa da ni, na ce ko wasa ake. Ya ce, "Ke dai tafa, 'yar ajinki ce." Na dubi Darakta ko zan ga alamar izgili a fuskarsa. Babu. Da gaske yake, har ƙirji yake turowa.

Aka turo Dado gaba. Aka ɗora mata bokitin roba shuɗi da sabulu a ciki. Darakta ya durƙusa gabanta, karo na farko a rayuwarsa, ya kai mata abin magana baki.

"To, ce mersi. Gode wa jama'a."

Ta saki bokitin, sabulun ya gangara cikin ƙasa, ta sa hannu biyu ta kare wuyanta. Aka fashe da dariya. Inna Ganigi daga baya ta ɗaga murya, "Kunya ce! 'Yar gidan mutunci!" Aka ƙara tafi. Na hango Beru cikin 'yan ajina, ita kaɗai ba ta tafa ba, ta kifa kai a gwiwa. Na tashi na bar rumfar, na je bayan ajina na yi ta kakarin amai, ba abin da ya fito sai yawu mai ɗaci.

Washegari da hantsi ina shanya sai ga sallama. Yaru ne a kan keke, ya ɗauro doya manya manya a baya, Dado na zaune a kan ƙarfen gaba rungume da bokitin. Ya sha sabuwar riga, bakinsa har kunne. Ya sauke doyar a ƙofar ɗakina yana jera su.

"Malama, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ni Yaru, a kira sunana a lasifika! Jiya gidanmu ba masaka tsinke. Waɗanda ke ce mata bebiya su ne suka zo taɓa bokiti."

"Baban Dado, ka san kyautar mece ce aka ba ta?"

"Ta Faransanci mana! Ai an fassara mana. Kuma wallahi gaskiya Darakta ya faɗa, yarinyar nan ta riƙe dokar da hannu biyu. Ko a gida ta daina yare."

Na ajiye zanen da ke hannuna. "Ko da kakarta?"

"Ko da ita! Tsohuwar ta yi ta kuka, wai jikarta ta daina yi mata raɗa a kunne. Na ce haba Inna, ke ba ki san boko ba ne, yanzu Faransancin ne ke taruwa a cikinta, rana ɗaya zai fito." Ya shafa kan yarinyar. "Ko ba haka ba, Malama? Kamar yaushe kike ganin zai fito?"

Na dubi Dado. Na so in durƙusa, na tuna, na tsaya a tsaye. Ita kuma ta ƙura wa bakina ido, ta ƙanƙame bokitin.

"Kwashe doyarka, Baban Dado," na ce. "Kai wa kakarta."